Kwanan Zaune Ba Jarunta Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu mun taso ne a ƙauyukan Rano da Kibiya, inda iyayenmu manoma kan rufe ƙofa bayan sallar isha'i, su farka da asuba, in rana ta take kuma su yi ƙailula gindin bishiya. Amma da muka shigo jami'a sai muka mai da kwanan zaune abin alfahari. Da jarrabawa ta ƙarato sai ka ga ɗalibi da goro a baki, ƙafafu cikin ruwan sanyi, wai kada barci ya sace shi. Yayyenmu da suka kama aiki a sakatariyar ƙaramar hukumar Rano ko ta Kibiya su ma haka: hira wurin mai shayi har ƙarfe ɗaya, sannan sammako daga Kano.

Muna ganin wannan ɗabi'a ganganci ce, kuma ga hujjarmu. A shekarar 1999, masana a Jami'ar Shikago ta Amurka, cikinsu har da Eve Van Cauter, sun sa samari 11 masu ƙoshin lafiya kwanciyar awa 4 kacal har dare 6. Saurin da jikinsu ke kwashe sukari daga jini ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100, tamkar na tsofaffi. Kotisol kuwa, wato sinadarin da jiki ke saki lokacin damuwa, wanda ya kamata ya sauka da yamma, sai ya ƙi sauka yadda ya saba.

A 2004 suka sāke gwaji da samari 12. Dare 2 kawai na gajeren barci ya rage leftin, sinadarin da ke shaida wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, da kashi 18, ya ƙara girelin mai tayar da yunwa da kashi 28. Ashe ba banza ba mai kwanan zaune ke wayar gari yana kwaɗayin burodi da shayi mai zaƙi! A 2011 kuma aka ga mako guda na barcin awa 5 ya rage sinadarin mazakuta na samari da kashi 10 zuwa 15.

Abin lura, waɗannan ba majinyata ba ne. Samari ne irinmu. Abin farin ciki kuma, da aka bar na farkon suka rama barci, jikinsu ya farfaɗo. To, wanda ya mai da abin sana'a shekara da shekaru fa, yaushe zai rama?

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta daina yabon masu kwana a aji, ta kuma nemi kada a cunkusa jarrabawa a 'yan kwanaki. Mu kuma mu fara bita tun farkon zango, mu ba jiki awa 7 ko 8. Jama'ar da suka tura mu karatu likita da malami masu lafiya suke jira. Lafiya uwar jiki. Allah ya sa mu gane, amin.