Sanin Fuska Ba Izini Ba Ne: Yadda Ake Gadin Tukunyar Nukiliya



Bari mu fara da wata rigima da kowannenmu ya sani. Ɗalibi ya zo bakin ƙofar makaranta yana son fita, sai Baba mai gadi ya ce, "Ɗana, ina takardar izininka?" Yaro ya ce, "Haba Baba, ni ne fa! Unguwarmu ɗaya, da kai aka ci tuwon sunana." Baba ya ce, "Na san kai ne. Ina takardar?" Yaro ya koma aji yana ƙunƙuni, wai tsohon nan ya cika taurin kai. Daga Dogon Daji zuwa Tambuwal har Kebbe, da wuya a sami makarantar da ba a taɓa yin haka ba, kuma mu ma mun yi namu ƙunƙunin a zamaninmu. To yau muna so mu nuna muku cewa ƙa'idar da Baba ya tsaya a kai, da ita ake gadin wasu daga cikin wuraren da suka fi tsananin tsaro a duniya, wato tashoshin nukiliya.

Tukunyar da ke Zariya

Tashar nukiliya wuri ne da ake farfasa ƙwayoyin zarra na ma'adinin yuraniyom a cikin wata tukunya ta musamman. Zafin da ya fito sai ya tafasa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya ba da lantarki. Najeriya ba ta da irin wannan tasha tukuna. A duk Afirka guda ɗaya ce ke aiki, ta Koeberg kusa da birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, mai ba da sama da megawat 1,800. Masar kuma tana kan gina tata a El Dabaa.

Sai dai muna da ƙanwarta a nan Arewa. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, akwai wata ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar ƙasar Sin, ana kiran ta NIRR-1. Ta fara aiki a watan Fabrairun 2004. Ba ta ba da lantarki, kuma zafinta wajen kilowat 30 ne kacal, kamar a jona dutsen guga talatin a lokaci guda. Aikinta bincike: a sa ƙasa ko dutse ko hatsi a ciki, a gano sinadaran da ke jikinsu.

To me zai sa a tsananta gadin ƙaramin abu haka? Dalilin yana cikin abincin tukunyar. A yuraniyom ɗin da ake haƙowa, kamar na Arlit a Nijar, nau'in da ke farfashewa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Tashoshin lantarki kan yi amfani da wanda aka tace zuwa kashi 3 zuwa 5. Na Zariya kuwa, lokacin da aka kawo shi, an tace shi har kusan kashi 90, irin tacewar da ake yi wa na bam. Nauyinsa wajen kilo ɗaya ne, bai kai tiyar gero ba, kuma shi kaɗai ba ya isa a haɗa bam. Amma wanda ya saci kilo ɗaya a nan, ya sato wani a can, wata rana zai tara.

Zaure, shigifa, turaka

Tsarin gadin kowace tasha sirri ne, kuma ɓoye shi ma wani ɓangare ne na gadin. Amma ƙa'idojin da Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, mai hedikwata a Vienna ta shimfiɗa a bayyane suke. A Najeriya hukumar NNRA ce ke ba da lasisi tana sa ido a kan bin su. Abin mamaki, duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya riga ya san tsarin.

Baƙo ya zo gidanku, a ƙofa zai yi sallama, a zaure za a yi masa shimfiɗa. Wanda ya fi shi kusanci ya kai shigifa. Tsakar gida sai ɗan gida ko wanda aka yi wa iso. Turakar maigida kuwa ko 'ya'yan gidan ba sa faɗa mata kai tsaye, balle adakar da ke ƙuryarta. Haka tashar nukiliya take, da'ira cikin da'ira, kuma kowace ƙofa ta ciki ta fi ta waje ƙarancin masu shiga.

Da'irar waje ita ce harabar tasha, inda ake tsayar da motoci a bincike su. Ta biyu tana da shinge biyu, tsakaninsu fili fetal ba ko ciyawa mai tsawo, ga fitilu, ga kyamarori, ga na'urorin da ke jin motsi. Mai shiga zai bi ta na'urar gano ƙarfe da abin fashewa, ya nuna kati, ya danna lambar sirri, a wasu wuraren har na'ura ta karanta yatsansa ko ƙwayar idonsa. Dubi hikimar: kati abin da kake riƙe da shi ne, lamba abin da ka sani ne, yatsa kuwa jikinka ne. Ɓarawo na iya tsintar kati, amma haɗa ukun sai an sha wuya. Da'irar ciki ita ce turaka: ɗakin sarrafa tukunya, ma'ajiyar yuraniyom da famfunan ruwan sanyaya tukunyar. Katin mai aikin ofis ba ya buɗe waɗannan ƙofofi, ko ya shekara ashirin a wurin. Baƙo kuma ba ya taka ko'ina sai da ɗan rakiya.

Masana tsaro suna raba aikin gida uku: a gano, a jinkirta, a kai ɗauki. Shinge ba ya hana mai niyya shiga har abada, lokaci kawai yake ci masa. Mu yi lissafi. A ce masu gadi suna bukatar minti biyar kafin su iso, amma shinge da ƙofofi minti uku kawai za su ɓata wa ɓarawo bayan ƙararrawa ta kaɗa. Wa ya ci? Ɓarawo. Shi ya sa ake son a gano shi tun daga shingen farko, kuma a riƙa yin atisaye ana auna mintocin.

Da ɗan gari akan ci gari

Duk wannan shiri na baƙo ne. Ina ga wanda katinsa na gaske ne, yatsansa na gaske, kuma kowa ya san fuskarsa?

A watan Disambar 1982, lokacin gwagwarmaya da mulkin wariyar launin fata, bama-bamai huɗu suka tashi a tashar Koeberg tana dab da fara aiki. Ba wanda ya haura katanga. Wani ma'aikacin wurin ne, Rodney Wilkinson, mai goyon bayan ƙungiyar ANC, ya shiga da su ya dasa, ya bar ƙasar kafin su tashi. Ba a rasa rai ba, kuma ba a riga an zuba yuraniyom a tukunyar ba, amma buɗe tashar ya yi jinkirin kusan shekara ɗaya da rabi. A watan Agustan 2014 kuma, a tashar Doel da ke Beljiyam, wani ya buɗe famfon man da ke sa injin juyawa lami lafiya, wajen lita 65,000 suka tsiyaye, injin ya lalace, aka yi watanni ba ya aiki. Masu bincike sun karkata ga cewa aikin na ciki ne.

Saboda irin wannan ne ake bin ƙa'idar mutum biyu: a wurare mafi haɗari ba wanda ke shiga shi kaɗai, ko shi ne shugaba. Ana binciken halin ma'aikaci kafin a ɗauke shi, ana kuma sake yi lokaci-lokaci. Ana bincikar mai fita kamar yadda ake bincikar mai shiga, da na'urar da ke jin tururin nukiliya ko da an ɓoye abin a aljihu. Ranar da mutum ya bar aiki, ranar katinsa ke mutuwa. Jami'an IAEA kuma suna ziyara su ƙirga yuraniyom, su duba hatimin da suka liƙa, kamar yadda ake ɗaga ambulan ɗin jarrabawar WAEC ko NECO a gabanku ku shaida ba a buɗe shi ba.

A Zariya an ƙara wata dabara da ta fi kowane kwaɗo. A 2018, da haɗin gwiwar Najeriya da Sin da Amurka da IAEA, aka cire yuraniyom mai kashi 90 aka mayar da shi Sin, aka zuba mai kashi 13 wanda ba ya yin bam. Tukunyar ta ci gaba da aikinta. Gana ta yi wa tata haka a 2017. Rumbun da aka kwashe abin da ɓarawo ke so, gadinsa ya yi sauƙi.

Namu rabon

Wataƙila a cikinku akwai yarinya ko yaron da zai riƙe fiziks da lissafi da kyau, ya wuce jami'a a Sakkwato ko Zariya, wata rana a miƙa masa irin wannan kati. Ranar, abin da za a nema a wurinsa ya wuce takardar digiri. Za a so mutumin da ba ya ara wa aboki katinsa, ba ya barin ƙofa a buɗe don na bayansa ya shige, ba ya jin kunyar tambayar babba izininsa cikin ladabi. Wannan hali ba a jami'a ake fara koyon sa ba. A ajinku ake fara shi, ranar da aka ba ku ajiyar mabuɗin ɗakin gwaje-gwaje, aboki ya ce, "Ba ni, yanzu zan dawo da shi."

Aikinku na wannan mako: ku ƙirga ƙofofi nawa ne tsakanin titi da inda ake ajiye sinadarai a makarantarku, ku tattauna da malamin kimiyya wace ce aka fi sakaci da ita. Gobe kuma in Baba mai gadi ya tambayi takarda, a gaishe shi, a miƙa masa da hannu biyu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.