Tallafin binciken sararin samaniya: Me zai hana a bar ƙofar nema a buɗe duk shekara?

A shekarar 2021, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta sauya wata tsohuwar al'ada a sashenta na nazarin duniyoyi. Ta soke ranar rufe karɓar takardun neman tallafi a wasu shirye-shiryenta, ta ce duk masanin da aikinsa ya nuna, ya miƙa a ranar da ya ga dama, alƙalai kuma su riƙa zama lokaci-lokaci suna tantancewa. Ga mai karatu a Dutse, wannan na iya zama tamkar labarin wata duniya. Sai dai tambayar da ke ƙarƙashinsa ta shafe mu kai tsaye: shin tsarin da muke raba kuɗin bincike da shi yana tafiya daidai da lokacin da matsalolinmu ke aukuwa?

Kafin NASA, gidauniyar kimiyya ta ƙasar Amurka, NSF, ta gwada wannan tsari a 2015 a shirye-shirye huɗu na sashen kimiyyar ƙasa. Sakamakon ya ba mutane da dama mamaki, domin yawan takardun da ake miƙawa ya ragu da kashi 59 cikin 100. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan aka tsayar da rana ɗaya, kowa kan yi rige-rigen jefa abin da ke hannunsa, ko ya nuna ko bai nuna ba, don gudun kada ya jira wata shekara. Da aka cire ranar, masu cika layi suka janye, nauyi ya ragu a kan masu tantancewa.

A Najeriya, babbar rijiyar da malaman manyan makarantu ke ɗiba ita ce Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, kuma kuɗinsa na fitowa ne daga harajin ribar kamfanoni. Ke nan kuɗin 'yan kasuwa ne da masu sayen kayansu. Shirinsa na tallafin bincike na ƙasa yana tafiya ne bisa zagaye: a fitar da sanarwa, a ba da wa'adi na miƙa taƙaitaccen bayani, a tace, sannan a nemi cikakkiyar takarda. Wanda jirgin ya bari a tasha, sai ya jira zagaye na gaba.

Wa wannan tsari ya fi cutarwa? Ƙananan jami'o'i ne irin Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda ta biyo baya a 2013. A tsofaffin jami'o'i akwai manyan farfesoshi da suka saba da rubuta irin waɗannan takardu, da abokan aiki a kowane fanni. Amma matashin malamin kimiyyar lissafi ko labarin ƙasa da ke haya a unguwar Yalwawa, darussa sun yi masa yawa, ɗalibai sun yi masa yawa, kuma idan wa'adin ya faɗo a makon jarrabawa, shi ke nan. Ga kuma yajin aiki: na ƙungiyar ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ranar rufewa ba ta san da waɗannan uzurori ba.

Wani zai ce ina ruwan Jigawa da sararin samaniya? Amsar tana cikin daminar 2022, lokacin da ambaliya ta cinye gidaje da gonaki a yankunan Ringim da Auyo da Haɗeja da Kafin Hausa. Hanya mafi sauri ta sanin inda ruwa ya kwanta, da yawan gonakin da ya ci, da wuraren da ciyawar kacalla ta toshe magudanan Kogin Haɗeja, ita ce hoton tauraron ɗan'adam. Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An kafa hukumar NASRDA a 1999, aka harba NigeriaSat-1 a Satumbar 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. Hukumar na da cibiyar nazarin hotunan ƙasa a Jos da ta nazarin sararin iska a Anyigba. Bugu da ƙari, hotunan taurarin Landsat na Amurka da Sentinel na Turai kyauta ake sauke su a intanet.

Abin da mai bincike ke buƙata shi ne kuɗin zuwa fili ya tabbatar da abin da hoton ya nuna: mota da kwalekwale da na'urar awo da 'yan taimako. Kuɗin ba shi da yawa, amma da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ruwan da ya malalo a Agusta ya janye kafin Nuwamba. Idan sai an jira sanarwar shekara mai zuwa, shaidar ta bushe, kuma ɗan kasuwar Gujungu ko Shuwarin zai ci gaba da sanin girman asarar ne kawai daga tashin farashin buhun shinkafa da gero.

Sai dai buɗe ƙofa ba maganin komai ba ne, kuma yana da nasa haɗarin. Na farko, idan kason shekara ya ƙare a watannin farko, wanda ya zo a ƙarshe ya yi aikin banza, komai ingancin takardarsa. Na biyu, ranar rufewa ɗaya tana da wata fa'ida: kowa na ganin kowa, ana auna takardu a mudu ɗaya. Idan aka rarraba su cikin shekara ba tare da fayyace ƙa'ida ba, an buɗe kafar alfarma da sanayya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na uku, akwai malaman da wa'adin ne kaɗai ke zaunar da su su yi rubutu. Idan babu shi, gobe ba ta ƙarewa.

Saboda haka abin da ya dace shi ne gwaji mai iyaka, ba rushe tsarin da ake da shi ba. TETFund na iya ware ƙaramin kaso ga binciken da ke amfani da bayanan taurarin ɗan'adam kan ambaliya da fari da kwararowar hamada, a karɓi takardu ko yaushe. A raba kuɗin gida huɗu, kwamiti ya zauna duk bayan wata uku, tare da masana daga NASRDA. A wallafa yawan takardun da aka karɓa da waɗanda suka tsallake da jami'o'in da suka fito. Wanda aka ƙi takardarsa a faɗa masa dalili, kuma ya dakata shekara guda kafin ya sake miƙa ta, kamar yadda NASA ta gindaya a nata tsarin.

Gwamnatin Jigawa ma ba sai ta jira Abuja ba. Jihar da ke kashe kuɗi kusan kowace damina wajen rabon kayan agaji za ta iya buɗe ɗan asusu irin wannan ga malaman Dutse da Kafin Hausa da Haɗeja, bisa sharaɗin su miƙa wa hukumar agajin gaggawa ta jiha taswirar da suka samar kafin damina ta gaba ta sauka. Bayan shekara biyu ko uku, alƙaluma za su nuna ko a faɗaɗa tsarin ko a koma na da.