Ciwon Zuciya Bai San Lardi Ba

Jama'a, yau za mu ɗauko magana daga Ingila, domin akwai abin koyi a cikinta.

Tun shekarar 1948 aka kafa tsarin lafiya na gwamnati a can, inda kowane mutum ke da likitan unguwarsu, wanda yake gani ba da biyan ko sisi ba. Cikin magungunan da likitocin nan suka fi rubutawa akwai wanda ake kira sitatin. Aikinsa shi ne ya hana hanta yin kitse da yawa, watau kitsen nan da ke toshe hanyoyin jini har zuciya ta buga. Amfaninsa ba abin musu ba ne. A 1994 aka bayyana sakamakon gwajin da aka yi wa mutum 4,444 masu ciwon zuciya a ƙasashen arewacin Turai, aka ga mutuwa ta ragu da wajen kashi 30 cikin ɗari ga waɗanda suka sha.

To, tun da magani ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce, sai mutum ya zaci ko'ina haka ake ba da shi. Ina! Da gwamnati ta fara buga lissafin abin da kowane ɗakin likita ke rubutawa wata-wata, sai wasu masu bincike suka zauna a 2012 suka zana taswira. Nan aka ga wannan lardi yana rubuta mai araha, maƙwabcinsa yana rubuta mai tsada, alhali ga yawancin majinyata aikinsu ɗaya. Suka ƙiyasta kuɗin da da an tsimi ya kai fam miliyan 200. Kuɗin wa? Kuɗin harajin talakawa.

Amma fa asarar kuɗi ita ce ƙarama. Babbar ita ce mutumin da ya cancanci magani bai samu ba. A 2014 hukumar da ke shimfiɗa wa likitocin Ingila ƙa'ida ta ce a miƙa maganin ga wanda haɗarin kamuwarsa cikin shekara goma ya kai kashi 10 cikin ɗari, maimakon 20 na da. Ƙa'ida ɗaya ce ga kowa. In lardi ya fi wani yawan tsofaffi ko masu ciwon sukari, lalle lissafinsa ya bambanta, wannan ba laifi. In kuwa bambancin ya fito daga ƙarancin likitoci ko sakaci, to, zalunci ne. Tun 1971 wani likitan ƙauyen masu haƙar kwal a Wales, Julian Tudor Hart, ya yi kashedi cewa inda aka fi bukatar magani, nan ya fi ƙaranci.

Mu abin da ya burge mu shi ne asiri ya tonu domin an buga lissafi a fili. Tun 2015 Jami'ar Oxford ta shirya shi a intanet yadda kowa zai duba na unguwarsu.

Sai mu tambayi mahukuntanmu: mai hawan jini a ƙauye, da na birni, wa ke ƙidaya wanda ya sami magani a cikinsu? Ku fito da lissafi, jiha-jiha, asibiti-asibiti. Mai gaskiya ba ya tsoron ma'auni. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.