A rubuta wa ɗalibai jerin ayyukan da za su amfani Fataskum

Duk shekara ɗaliban kwamfuta na ajin ƙarshe suna yawon neman abin da za su yi furojet a kai. Yawanci abu ɗaya suke komawa: manhajar tattara sakamakon jarrabawa, ko ta rajistar marasa lafiya. A buga, a ɗaure da bango mai kauri, a jera a kanta, shi ke nan. Ni ban ga laifin ɗaliban ba. Ba wanda ya zauna ya rubuta masu ayyukan da jama'a ke bukata.

Tun 2005 kamfanin Google yake gudanar da shirin Summer of Code, inda sababbin hannu ke aiki a kan buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda kowa ke da izinin duba cikinsu ya gyara. Duk ƙungiyar da ke son shiga sai ta kawo jerin ayyukanta, kuma ana duba ingancin jerin kafin a karɓe ta. A ƙarƙashin kowane aiki za ka ga matsalar da ake son magancewa, harshen kwamfutar da ake bukata, wahalarsa, ko zai ci awa 90, 175 ko 350, da sunan wanda zai riƙe hannun mai koyo.

Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan abin. Aikin da ba shi da mai kula, a cire shi daga jerin, komai kyansa. Yaro a unguwar Yindiski da ke tattalin data, yana jiran a kawo wuta ya yi caji, idan ya tura tambaya aka yi mako biyu ba amsa, ya bar aikin ke nan, kuma da wuya ya sake gwadawa.

Ayyukan kuwa ga su a gabanmu. Marigayi Farfesa Russell Schuh da masana 'yan asalin Yobe sun haɗa ƙamus na Bolanci, Ngizim da Karekare. Wa zai mayar da su manhajar waya mai aiki ba intanet? Akwai manhajojin da har yau ba sa gane ɓ, ɗ da ƙ a wajen bincike, ka rubuta "kasa" su kasa nemo maka "ƙasa". Akwai lungunan unguwanninmu da ke bukatar suna a taswirar OpenStreetMap. Ga kasuwar shanu ta Fataskum, wadda take cikin manya a Afirka ta Yamma, dillali na lissafin la'adarsa a littafi.

Malaman Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Fataskum da na Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu za su iya soma da ayyuka goma kacal. A ware masu sauƙi ga sabon shiga, a sa sunan malami a jikin kowanne, a riƙa share wanda aka gama, wanda ba a gama ba kuma a ajiye lambobinsa a GitHub yadda 'yan aji na gaba za su ɗora.