Mai Haƙuri Yakan Dafa Dutse

An saba auna gwanintar mai sana'a da saurin hannunsa. Idan aka ce wane ya shekara uku yana zana hoto guda, sai a yi masa kallon malalaci ko wanda bai ƙware ba. Wannan ma'auni yana da gyara, domin akwai aikin da jinkiri ne ke gina shi. Tarihin wani zane na ƙasar Sin ya isa hujja.

Mai zanen shi ne Huwang Gungwang, wanda ya rayu daga 1269 zuwa 1354, yawancin rayuwarsa a zamanin daular Yuwan. Da farko ma'aikacin hukuma ne, har ya taɓa shiga kurkuku. Bayan ya fito sai ya bar aikin mulki, ya rungumi tafarkin Tawo, ya koma zama kusa da kogin Fucun a lardin Jejiyang. A 1347, yana da shekara kusan tamanin, ya fara zana tsaunukan wannan yanki domin wani abokinsa mai suna Wuyung. A bayanin da ya rubuta jikin aikin a 1350, ya nuna cewa shekara uku zuwa huɗu sun shige bai gama ba.

Zanen ba irin na ratayewa a bango ba ne. Doguwar takarda ce da ake naɗewa kamar tabarma, tsawonta ya kusa mita 7, faɗinta kuwa bai wuce santimita 33 ba. Babu launi a ciki sai baƙar tawada. Mai kallo yakan warware ta kaɗan-kaɗan daga dama zuwa hagu, yana naɗe abin da ya wuce, tamkar matafiyi a bakin kogi: tudu ya taso, ya sauka, fili ya buɗe, sannan wani tsauni ya bayyana.

Abin lura a nan shi ne yadda aka yi aikin. Huwang ya shimfiɗa fasalin zanen tun da fari, sa'an nan ya riƙa komawa gare shi sai lokacin da ransa ya so. Yakan fara da tawada mai ruwa-ruwa, ya bari ta bushe, ya dawo ya ɗora mai duhu da busasshen burushi. Tsakanin wannan zama da wancan yana yawo cikin tsaunukan da kansu. Dutse ba ya motsi, amma kamanninsa da hantsi daban ne da na la'asar, na damina daban da na rani. Wanda ya zana shi a yini ɗaya, kamannin yini ɗaya ya kama. Wanda ya yi shekaru yana dubansa, shi ne zai san abin da ke sauyawa da abin da ke tabbata. Ashe jinkirin Huwang ba hutu ba ne, kallo ne.

Mai musu zai iya kawo Wang Shimeng, wanda a 1113, yana ɗan shekara 18, ya gama wani zanen tsaunuka da koguna mai tsawon kusan mita 12 cikin wajen wata shida, kuma har yau ana jinjina masa. Gaskiya ne, kuma wannan ya nuna cewa yawan shekaru kaɗai ba ya mai da aiki nagari. Akwai mai daɗewa saboda kasala, akwai mai daɗewa saboda tsoron a ga aibinsa. Bambancin shi ne ko kowace komawa ta ƙara wa aikin wani abu. A zanen Huwang ana iya ganin sawun komawar a jikin takarda, tawada bisa tawada. Laifin da ake yi shi ne a ɗauki wata shida na Wang a mai da shi wa'adin kowa.

Haƙurin nan bai tsaya kan mai zane ba, ya hau kan mai mallaka da mai hukunci. A 1650 wani mai tara kayan fasaha, Wu Hungyu, da ya ga ajali ya matso, ya sa a jefa zanen a wuta don ya tafi da shi. Wani ɗan'uwansa ya fizge shi, amma ya riga ya rabu biyu. Ƙaramin yankin, mai tsawon kimanin santimita 51, yana gidan tarihi na lardin Jejiyang a Hangjo. Babban yana gidan tarihi na fada a Taifei. Sai a 2011 aka nuna su tare a Taifei, bayan shekara 361 da rabuwa.

Shi kuwa Sarki Ciyanlung, a 1745 aka kawo masa kwaikwayon zanen, ya yanke cewa shi ne na asali, ya yi ta rubuta yabo a jikinsa har ya cike sararin da ke ciki. Da na gaskiyar ya iso fada a 1746, sai aka ce shi ne jabu. Gaggawar sarki ta sa ya yi shekaru yana yabon kwafi, ko da yake kuskuren nasa ne ya tsirar da na asalin daga alƙalaminsa.

Saboda haka, ya kamata malami mai duba aikin ɗalibi, da ɗalibi mai duba aikin ɗan'uwansa, su sauya tambaya. Maimakon a ce yaushe za a gama, a tambayi me aka gani a wannan komawa wanda ba a gani ba a ta baya. Idan akwai amsa, a ƙyale mai aiki da aikinsa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Huwang ya dafa nasa, ga shi bayan shekara fiye da 670 ana ta shan romon.