Gida a Kan Taya Ba Ya Maganin Zafin Death Valley

Duk shekara, da Yuli ya kama, sai ka ga jerin motoci masu ɗauke da gado da kicin da banɗaki sun nufi Death Valley, kwarin nan da ke gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka. Da yawa daga masu tuƙa su baƙi ne daga Turai da suka ɗauko su haya. Burinsu bai wuce su tsaya gaban ma'aunin zafi na Furnace Creek a ɗauke su hoto ba, domin a wurin ne aka rubuta digiri 56.7 na Selshiyos ranar 10 ga Yuli, 1913. Suna kiran wannan jarunta. Gaskiyar magana ganganci ne, kuma tallan motocin ne ya ɗaure masa gindi.

Tallan yana cewa wanda ya hau gidansa ya tafi da sanyinsa. Ƙarya ce. Na'urar sanyaya da ke kan rufin irin wannan mota tana rage zafin iskar da ta zuƙa da kimanin digiri 11 ne kawai, alhali bangon motar siriri ne, rana na gasa shi tun safe. Kuma ba ta aiki sai da wutar sansani ko janareta, ga wuraren da ke da wuta a Furnace Creek ba su da yawa. Dare ma ba ya kawo sauƙi: akwai daren da zafin kwarin bai sauka ƙasa da digiri 40 ba. Firjin gas ya gaza, ruwan tanki ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a murhu.

Hanyar ta fi sansanin muni. Badwater tana mita 86 ƙasa da matakin teku, amma mai fita ta yamma a kan titi mai lamba 190 dole ya haura Towne Pass, sama da mita 1,500. Mota mai nauyin tan biyar ko shida tana hawan nan lagireto na tafasa. Shi ya sa aka kafa allunan da ke cewa a kashe na'urar sanyaya. Wato abin da aka dogara da shi, shi ake fara kashewa! A gangare kuwa birki ne ke ƙonewa, tsohuwar taya kuma ta fashe a kan kwalta mai zafi, a inda waya ba ta samun sabis.

Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa rai nasu ne, kasada tasu ce. To, wa ke zuwa ɗauko su? Ma'aikatan gandun ne ke fita cikin wannan wuta. A Yulin 2024 wani mai babur ya rasu kusa da Badwater, kuma jirgi mai saukar ungulu bai iya zuwa ba, domin idan zafi ya haura digiri 49 iska takan yi sakayau har ta kasa ɗaukarsa lafiya. Ba banza ba wasu kamfanonin haya suke haramta shiga kwarin a watannin zafi. Sun san kuɗin janyo mota daga can.

Mutanen Timbisha Shoshone, waɗanda kwarin ya kasance gidansu tun kafin a san Amurka, sukan haura duwatsu idan zafi ya tsananta, su sauko da sanyi. Daga Nuwamba zuwa Maris sansanonin suna buɗe, hanyar ita ce dai, Badwater kuma ba ta matsa ko'ina ba.