Waiwaye: Lokacin da Corel Ya Gwada Zama a Gidan Linux

Duk wanda ya taɓa kai aikin katin biki ko fostar siyasa wurin masu kwamfuta a ƙasar Zuru ya san suna ɗaya, Corel. Daga Dirin Daji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba, har cikin garin Zuru, yaron da ya ce ya iya zane a kwamfuta CorelDRAW yake nufi. Da shi ake tsara kalandar Islamiyya, da takardar shaidar sauka, da allon shago. Idan aikin babba ne aka tura shi madaba'a a Kaduna ko Kano, can ma tambayar farko ita ce, "Corel nawa ka yi da shi?"

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba ba Windows 10. Shi kuwa Windows 11 yana da sharuɗɗan da yawancin kwamfutocin gwanjon da ke hannun yaranmu ba su cika ba. Sai shawara ta fara yawo: a goge Windows, a sa Linux, kyauta ne kuma ba ya nauyi, sannan a ɗora Corel a kansa ta hanyar wata manhaja mai suna Wine. Rabin shawarar nan gaskiya ne. Sauran rabin kuwa an riga an gwada shi tun kafin a haifi da yawa daga cikin masu bayar da ita.

An fara aikin Wine a 1993, kuma sai a 2008 aka fitar da shi a matsayin kammalalle na farko, bayan shekara 15 ana fama. Aikinsa irin na tafinta ne a kotu. Manhajar da aka gina don Windows takan ce, "Buɗe min taga, kawo min wannan salon rubutun, kira min firinta," da yaren Windows. Wine ya saurara, ya juya maganar zuwa yaren da Linux ke ji. Muddin tafinta ya san kalmar, shari'a na tafiya. Ranar da aka furta wadda bai taɓa ji ba, komai ya tsaya cak. Manhajojin zane kuwa su suka fi kowa yawan baƙin kalmomi, domin suna taɓa launi da salon rubutu da firinta da katin hoto a lokaci guda.

Abin da mutane suka manta shi ne, kamfanin Corel da kansa, daga mazauninsa a Ottawa ta ƙasar Kanada, ya shiga wannan harka da ƙarfinsa. A 1999 ya fitar da nasa Linux ɗin, ya sa ma'aikatansa gyaran Wine, a 2000 kuma ya saki CorelDRAW 9 na Linux, wanda a kan Wine ɗin yake tafiya. Masu amfani da shi sun yi ta kukan nauyi da jinkiri. A watan Oktoban 2000 Microsoft ya zuba dala miliyan 135 a Corel, wanda a lokacin yake cikin matsin kuɗi, a 2001 kuma aka sayar da sashen Linux ɗin ga kamfanin Xandros. Tun daga nan ba a sake jin CorelDRAW na Linux ba. Masu Mac ma sun ɗanɗana: bayan fitowar ta 11 a 2002, sai a 2019 Corel ya sake waiwayarsu.

Ni abin da ke damuna ke nan. Idan mai manhajar, da injiniyoyinsa da kuɗinsa, bai iya zaunar da ita lafiya a gidan wani ba, ina ga yaron da ke aiki da janareta, yana lissafin kowace litar fetur, ga mai biki tsaye a kansa yana cewa gobe ne ɗaurin aure? Tsofaffin fitowar Corel da Photoshop kan tashi a kan Wine, har an taɓa biyan kuɗi don a gyara wa Photoshop hanya, kamar yadda Disney da Google suka yi. Sababbin kuwa sau da yawa ko shiga ba sa yi. Wanda ya shiga ma yakan ba da kunya a wurin da ya fi ciwo: a allo ka ga "Ɗaurin Aure" da lanƙwasarsa daidai, a madaba'a takarda 500 su fito da ɗan akwati a gurbin Ɗ, saboda salon rubutun da ke kwamfutarka babu shi a tasu.

Akwai wasu hanyoyin. Ana iya kunna Windows a cikin Linux da VirtualBox, amma kwamfuta mai RAM giga 4 za ta yi ta nishi. Ana iya raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu, Linux a ɗaya don hawa intanet, Windows a ɗaya don Corel kawai. Wannan ita na fi yarda da ita ga wanda abincinsa ya rataya a kan Corel.

Ga mai koyo kuwa, da bai riga ya ɗaure kansa ba, Inkscape da GIMP da Scribus an gina su ne su zauna a Linux da Windows duka, ba sa neman tafinta, ba sa neman kuɗin wata-wata irin wanda kamfanin Adobe mai Photoshop ya koma karɓa tun 2013. Inkscape yana buɗe fayilolin Corel da dama, ko da yake ba ya kai Scribus iya launukan madaba'a. Daidaita rubutu da barin fili da zaɓen launi, waɗanda su ne ainihin sana'ar, duk ana koyonsu a can.

Don haka ɗan'uwa mai shagon kwamfuta a Sakaba, kada ka goge Windows ɗinka a makon da kake da aikin mutane a hannu. Gwada Linux daga filashi tukuna. Kowace manhaja ka yi aiki da ita, kafin ka tura madaba'a ka mayar da rubutun ya zama zane, ka fitar da shi a PDF, ka buɗe shi a wayarka ka duba ƙ da ɗ da ɓ ɗaya bayan ɗaya.